Maginiyar Da Ta Yi Tayi A Kan Gwiwarta

Tabawa ƙanwata, na ji an ce likita ya ce a yi wa gwiwarki aiki, ke kuma kin ce a bar ki da ƙwayoyinki. Miƙe ƙafar nan ki saurara, in ba ki misali. Kin dai san ni, tun rasuwar Malam da cinikina nake riƙe da gidan nan, kuma ba a haifi ɗan kasuwar da zai ce ya kwashe ni ba. To ko ni na san akwai inda ba a tayi.

An yi wata maginiyar tukwane, ita ma mijinta ya rasu, mace mai taurin ciniki, ko allura za ta saya sai mai kaya ya yi gumi. Duk 'yar da za a aurar a gidansu ita ke gina mata randar ɗaki da hannunta. Ta yi wa 'ya'yanta huɗu, saura jikarta ta fari da aka sa bikinta bayan kaka. Sai gwiwar dama ta ce ba ta san zancen ba. Shekara arba'in tana taka yumɓu tana zagaya tukunya a sunkuye, har ƙashi ya koma gogar ƙashi, in za ta tashi daga tabarma sai ki ji ƙaras-ƙaras kamar ana niƙa tsakuwa. Ta koma wa mai tallar magani a faranti, tana sayen haɗin ƙwayoyi ja da fari da rawaya a ƙulle a leda, tana murnar ta samu sauƙi da araha. Daga ƙulli ɗaya ta kai uku a yini. Gwiwa ta ɗan yi shiru, ciki ya ɗauka, yana ƙuna kamar ta haɗiyi garwashi, ƙafafu suka soma kumbura. Da 'ya'yanta suka kai ta asibiti, likita ya zazzage ledar a kan tebur, ya ce irin waɗannan in aka daɗe ana sha barkatai suna cin ciki su taɓa ƙoda, Allah ne ya kawo ta da wuri. Ya raba ta da su, ya auna mata wanda ya dace da jikinta, ya haɗa mata da na shafawa, ya sa mata ranakun dawowa a duba jininta. Da cikin ya lafa, farkon damina, aka yi mata aiki, aka cire inda ya cinye aka sa mata gwiwar ƙarfe da roba.

Nan fa hali ya motsa. Ma'aikaciyar da ke koya wa waɗanda aka yi wa aiki motsa ƙafa ta ce kullum ta lanƙwasa gwiwar sau ashirin ta miƙe ta sau ashirin, safe da rana da yamma. Maginiya ta ce, "Ashirin? Haba 'yar nan, rage wa uwarki. Na taya biyar." Ma'aikaciya ta yi dariya ta ce, "Albarka, Iya." Amma da ta koma gida biyar ɗin ta riƙa yi, har tana yi wa maƙwabta alfahari ta ci ribar asibiti. Akwai wani tsohon manomi da aka yi musu aiki rana ɗaya, shi bai iya ciniki ba, abin da aka ce shi yake yi yana hawaye. Bayan mako uku suka haɗu a asibitin. Shi ya shigo da sandarsa ya zauna a benci ya naɗe ƙafa abinsa, tata kuwa ga ta nan a miƙe kamar taɓarya. Ma'aikaciya ta ce in aka ƙara jinkiri gwiwar za ta sandare a haka. Surukar maginiya, don ta kwantar mata da hankali, ta ce ba komai, sai a saya wa amarya randar roba. Randar roba, a ɗakin jikar maginiya! Maginiya ta dubi ƙafarta, ta tuna yumɓun da aka bari ya bushe ba ya karɓar hannu. Ta ce wa ma'aikaciya, "Na saya a yadda kika ce. In da gyara ma, ƙara mini." Da yake ba ta yi boko ba, da 'ya'yan tsamiya take ƙirge, lanƙwasa ɗaya ta jefa ɗaya a ƙwarya. Magani kuwa yadda aka auna mata, a kan lokacinsa, ko rabin ƙwaya ba ta ƙarawa. Ta yi gumi, ta yi salati, ta yi wa gwiwar faɗa kamar mai ji. Da ruwa ya ɗauke, matan gida suka taka mata yumɓu, aka kife turmi aka ɗora ginin a kai don kada ta durƙusa, ta yi ta zagayawa da ƙafarta har randa ta tashi. Aka gasa, ta ƙwanƙwasa, ta amsa garau. Ranar jere ita ce a gaban masu ɗaukar kaya, ba sanda, da aka rangaɗa guɗa har ta taka rawa, 'yan mata na ihu suna cewa Iya ta yi sabuwar ƙafa ta fi amarya yanga.

To Tabawa, ki yi tayi a kan atamfa, ki yi a kan gero, in kina so ma ni zan tsaya miki har mai kaya ya yi kuka. Amma jikinki, biya shi yadda aka faɗa. Ba ni ledar nan da kike ɓoyewa a gefen zane, ranar Litinin tare za mu je wurin likita. Hausawa dai sun gama magana: araha ba ta ado.