Garmar Kamfani

Tun da kamfani ya yi rajistar ƙarfensa, wanda ko an lanƙwasa shi sai ya koma yadda aka ƙera shi, ba a sake ganin wani ƙarfe a kasuwa ba sai nasa.

Ran nan Jatau manomi ya shigo maƙerar Barau dafe da ƙugu, ya dire garma.

"Barau, ɗan karkato mini bakinta daidai tsawona, yadda ubanka yake yi wa ubana. Bayana zai karye."

"Wa ya aike ka tsawo kamar giginya?" in ji Barau, amma bai yi dariya ba.

Ya zuga wuta, ya yi ta duka har ta karkato. Ba su gama shan fura ba suka ji ƙas-ƙas. Garmar ce ke miƙewa a hankali, tambarin kamfani ya fito fes.

Jatau ya daɗe yana kallonta, sannan ya saɓa ta. "To, damina ba ta jira."

Barau ya bi shi da ido. A hanyar gona, dogo da gajere, kowa ya ranƙwafa yadda garmar ke so. Jatau kaɗai ya rage a miƙe, shi ma ya fara.