Tarago Ɗaya na Gidan Ɗorawa

Tun da aka damƙa wa na'ura rabon taragun jirgin ƙasa, kowace safiya idon na'urar da ke saman tashar Gidan Ɗorawa yake ƙirga masu jira. In sun cika adadin da aka ƙayyade, yankin ya samu tarago. In sun gaza, a juya shi wani yankin. Shi ya sa duk gari ke fitowa, har waɗanda ba su da inda za su.

Yau Baffa Ɗanjuma ya rasu, ga shi ranar wankin ƙodar Indo ce, 'yar Tanimu, kuma jirgi ne kawai zai kai ta asibitin birni. Don kada adadi ya gaza, dole aka kawo makararsa tasha, aka sallace shi a nan.

Aka sallame, fitilar ƙidayar tana nan ja.

"Saura mutum ɗaya," in ji mai tasha.

"Ga Baffa nan fa," in ji Tanimu.

"Ba ya ƙirga na kwance."

Tanimu ya dubi kumburarrun ƙafafun Indo, ya dubi ƙanen mahaifinsa cikin likkafani. Liman ya kau da kai.

"Yafe mini, Baffa. Jama'a, ku kama mini mu tsayar da shi."

Fitilar ta koma kore. Ba wanda ya yi hamdala.

Mai tasha ya ce a hankali, "To, gobe fa?"