Abin da Aka Bari a Gefen Littafi

Zauna tukuna, Uwani, ajiye wayar nan. Kin ce gobe da safe za ki haɗa manhajar da ke riƙe lissafin shagonki da wadda ke aika wa masu saye saƙon talla, duk wanda ya yi ciniki saƙon godiya ya same shi ba tare da kin ɗaga yatsa ba. Na tambaye ki me zai riƙa wucewa daga wannan zuwa waccan, kika ce suna da lambar waya da abin da aka saya, sauran bayanai wai ba su da amfani. Ni kawunki ban san na'ura ba, amma na shekara arba'in ina auna yadi, don haka saurari wannan.

An yi wani mai sayar da yadi da ke da ma'aikata biyu. Ɗaya malamin littafi ne, shi ke rubuta duk cinikin da aka yi. Ɗayan kuwa manzo ne, dattijo mai zaƙin baki, aikinsa ya bi masu saye da goro ya yi musu godiya, ya kuma shaida musu sabon kayan da aka sauke. Bayan kowane mako biyu malamin littafi yakan kwafe masa sunaye da yawan yadin da kowa ya saya. Abin da ya rubuta a gefen shafi kuwa ba ya kwafewa, don a ganinsa wannan nasa ne shi kaɗai. A cikin masu sayen akwai wani tela da suka shekara ashirin tare da mai yadin. Rabin abin da ke fita daga shagon ta hannunsa yake bi, kuma sun wuce ciniki sun zama kamar 'yan'uwa. Wata Laraba, mai yadi yana kan hanyar saro kaya, telan ya shigo idonsa jawur ya ce a yanko masa fari. Malamin littafi ya gane, ya yi masa ta'aziyya, ya auna, ya rubuta cinikin, sannan ya ƙara a gefe da ƙananan haruffa: likkafanin 'yarsa ne. Manzo kuwa a bayan gari yake zaune, labarin rasuwar bai kai gare shi ba.

Ranar da mai yadi ya dawo, kafin ya ko sha ruwa ya buɗe littafi. Idonsa ya faɗa kan rubutun gefen nan, ya yi salati. Sai ya tambaya ina manzo. Aka ce ai tun hantsi ya karɓi takardarsa ya fita zagaye. Ya ce a nuna masa kwafin takardar da aka bari a shago. Ga sunan tela na huɗu a jeri, a gabansa an rubuta farin yadi, ba wani abu kuma. Ya san bakin manzonsa sarai, ya san kalmomin da yake buɗe gaisuwa da su, don shi da kansa ya koya masa. Ya zura takalmi ya fita, babban mutum da shi yana gudu-gudu sauri-sauri a tsakiyar kasuwa, mutane na gaishe shi ba ya amsawa. A gidan farko aka ce yanzu ya wuce. A na biyu ga goron a hannun maigidan bai ko ɓare ba. A na uku bai tsaya tambaya ba, addu'a kawai yake yi Allah ya sa telan bai buɗe shago ba.

Ashe ranar ce telan ya fara komawa kan keken ɗinki tun bayan rasuwar. Mai yadi na shan kwana ya jiyo muryar manzo a ƙofar shagon, cike da fara'a:

"Maigida ya gode da cinikin kwanan baya, Allah ya maimaita mana! Ya ce an sauke sabon fari mai kyau, in ka sake ɗauka akwai ragi."

Keke ya tsaya. Telan bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Ya dubi goron, ya dubi abokinsa da ke tsaye yana haki, ya ce, "Ita kaɗai gare ni, Alhaji. Ba ni da wadda za a maimaita da ita."

Mai yadi ya ba da haƙuri har ya gaji, ya kai malamin littafi da littafin ya nuna cewa kuskure ne. Telan ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe ɗin. Amma duk lokacin da ya doshi shagon nan sai ya ji kalmar a kunnensa, ƙafarsa ta ƙi. Har ya bar duniya bai sake sayen ko ƙyalle a wurin ba.

To, Uwani, wancan manzon mutum ɗaya ne mai tafiya a ƙasa, duk da haka ba a cim masa ba. Naki kin ce mutum dubu uku yake isa kafin ki ƙifta ido, kuma ke ma kina sayar da fari. Kira mai haɗa miki na'urar nan yau, ki sa ya buɗe wa bayanin gefe hanya, saƙo kuma ya tsaya a duk sunan da kika yi wa alama. In ba zai yiwu gobe ba, a bari sai jibi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.