Gidan da Aka Ƙi Ba da Shi Haya

Kai da kake ta lissafi wai haya asara ce, saye shi ne riba, zauna ka ji. Wata mai ƙuli-ƙuli ce ta shekara goma sha ɗaya a gidan haya, kowace shekara sai mai gida ya ƙara mata kuɗi, ga gori a kai. Ta yi adashi, ta sayar da tumakinta, ta ƙulle abin da ta tara don ta mallaki nata. Ana tsakiyar bazara dillali ya kai ta wani gida a gangaren unguwa: ɗaki uku, rijiya, sabon fenti, kuɗinsa bai wuce hayar shekara biyar ba. Abin bai kwanta mata ba. Dillali na ta zuba, ita kuwa gidajen maƙwabta take kallo. Kowanne an ɗaga dokin ƙofarsa har gwiwa. Ta kankare fentin da farce, bango ya zubo mata kamar gari. Sai ta ce, "Malam, a ba ni shi haya damina ɗaya. In muka ga kaka lafiya, in saya, har da la'adarka." Dillali ya ce mai shi ba ya ba da haya, kuma kuɗinsa yake so kafin wata ya mutu. Ta ce, "To, a gaishe shi." Ta koma ta biya hayarta tana tsaki.

Ƙanin mijinta, wani tela, ya ce tsoro ne kawai irin na mata. Ya sayar da kekunan ɗinkinsa biyu, ya haɗa da gonar gado, ya saye gidan a satin. Da damina ta kankama, ruwan unguwar gaba ɗaya a tsakar gidansa ya haɗu. Masai ta cika ta gangara rijiya, katangar baya ta zauna. Yanzu shi da iyalinsa su takwas suna ɗaki ɗaya na haya, gidan kuwa ko mai tayawa babu. Ita har yau haya take, kuɗinta na nan a ƙulle, kuma ba ta zuwa ganin gida sai an tafka ruwa.

Ban ce kada ka saya ba, haya ba wurin tsufa ba ce. Amma in ka ga gida da araha, mai shi na rawar jiki, fara bincika abin da ya koro shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.