Sassaƙen Gabas da Yamma

Ka san gandun dajin nan da ake kai baƙi kallon ruwa? Kafin gwamnati ta sa masa masu gadi, kurmi ne da kakanni suka hana gatari shiga, don a can suke ɓuya in mahara sun taso. To, a can kan dutsen, gefen inda ruwan ke faɗowa, akwai wani tsohon maɗaci. Feshin ruwa ba ya barin jikinsa rani da damina, birai na kwana a kansa, cilakowa na sheƙa a kogonsa. Wani mai magani ya gaji sassaƙar itacen daga ubansa, tare da ƙa'ida guda: a sassaƙi gabas da yamma, a bar kudu da arewa, a shafe gurbin da laka. Ɓawon nan yake jiƙa wa tsohuwarsa, mai ciwon cikin da ya ƙi jin maganin asibiti. In ta sha ta ci tuwo, in ya yanke ta kwanta.

Mutumin ba mugu ba ne, ƙyuya ce kawai da ɗan ilimin da bai nuna ba. Hawan dutse ya ishe shi, sai ya ce gabas da yamman nan camfin mutanen da ne, tsoron aljanu ne, ɓawo ai ɓawo ne. Wani tsohon mai gadi ya tarar da shi yana zagaye itacen da gizago, ya ce, "Malam, bari. Ta ɓawo itace ke rayuwa." Ya ce to. Mai gadi na ba da baya ya ƙarasa zagayen, ya cika buhu, wai ya huta da hawa sai baɗi. Damina ta sauka, ɓawon ya yi fumfuna a ɗaki, ɗacinsa ya mutu, tsohuwa ta kwanta. Ranar dai da gudu ya hau dutsen da yake wa ƙyuya. Ruwa na nan yana zuba abinsa, amma maɗaci ya tsaya tsirara, ba ganye ko ɗaya, birai sun ƙaura. Ya sa gizago, ragowar ɓawon ya marmashe a hannunsa. Ya gwada na wasu itatuwan, ina, ba su yi mata ba. Kafin kaka maƙwabta sun cika masa zaure suna ta'aziyya.

Hausawa dai sun riga sun faɗa: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.