Yashi a Cikin Acca

Ina ɗan shekara tara, watanni kaɗan bayan rikicin Kafanchan, na kama Mama tana zuba yashi a cikin acca. Da la'asar ne, a bayan kicin. Ta waiga hagu da dama, ta ɗebo yashi cike da tafin hannu, ta watsa a accar da ta rege tas da safe.

Na san kowane mako tana aika wa Maman Habiba, maƙwabciyarmu Musulma, da mudun acca, kuma tun da aka ƙone cocinmu gaisuwarsu ta koma ta fatar baki. A gida ma, Baba bai daina yi wa Mama faɗa a kan wannan aiken ba. Na ce a raina, ashe ta nan za ta rama.

Na fito na ce, "Mama, na gan ki."

Ba ta razana ba. Ta jawo ƙwarya biyu da bokitin ruwa, ta zauna ta shiga regewa a hankali, daga wannan ƙwarya zuwa waccan, har yashin ya kwanta a ƙasa. Warin jiƙaƙƙiyar ƙwarya ya cika wurin. Sai da numfashinta ya daidaita ta ɗago.

"In hannuna yana cikin ruwa, bakina ba ya zagin kowa," in ji ta.

Accar ta isa gidan Maman Habiba babu ko ƙwayar yashi, don na duba da kaina. Yau ni ma in raina ya ɓaci, ruwa nake nema. Amma har Mama ta rasu ban san wa take hana bakinta zagi ba, maƙwabta ne ko Baba.