Farin Garin Cikin Fura

Sajo na laɓe a bayan zana ya ga matarsa Asama'u ta barbaɗa wani farin gari a furarsa, ta waiga, sannan ta dama. Ashe shi ya sa tun da aka yi masa aikin maƙoƙo yatsunsa ke ƙandarewa!

Daga ranar ya riƙa zubar da furar a ɓoye. Cikin kwana tara yatsun suka naɗe, ko sandar kiwo ya kasa riƙewa. Ya sace ƙullin garin, ya hau mota daga Ɗanzomo zuwa Gumel, wajen likitan da ya yi masa aikin.

"Likita, duba min wannan. Kashe ni ake son yi."

Likita ya duba, ya girgiza kai.

"Malam Sajo, a wuyan mutum akwai wasu 'yan tsokoki huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Su ke daidaita sinadarin kalsiyam a jini. In ya yi ƙasa, sai su jawo shi daga ƙashi da abinci. Naka sun yi rauni bayan aikin, shi ya sa na rubuta maka ƙwayoyin da ka ƙi haɗiya. Su ne matarka take daka maka."

Sajo ya sunkuyar da kai.

"Don Allah kar ka faɗa mata na zo."

"Ai tun da safe ta kira ni," in ji likita. "Ta ce kwana tara ke nan kajinta ke shanye maganinka."